Dawar Gidanmu a Kusurwar Baƙo

Ni mai injin niƙa ce a cikin garin Birnin Gwari, kuma duk unguwa an san ba na tauna magana. Idan mace ta kawo mini masara da danshi, a gaban kowa nake gaya mata. Ƙanena, autan gidanmu, shi ya raɗa mini sunan 'yar mazan jiya, wai komai aka kawo sabo sai na tsaya ina jujjuya shi kamar mai sayen tukunya. Da farko sunan yana ƙona mini rai. Yanzu kuwa ko a tsakiyar kasuwa aka kira ni da shi amsawa nake yi, kuma wata dawa ce ta jawo haka.

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Kuyello, muna da dawar da muke kira 'yar gida. Dangin farafara ce, mai dogon kara, zangarniyarta tana sunkuyowa idan ta nuna, kuma kowace ƙwaya tana da ɗan ɗigon ja a gefe guda. Tuwonta ba ya saki, ɗumamensa ya fi sabonsa daɗi, kununta kuwa tun daga zaure ake jin ƙamshinsa. Baba ya gaje ta daga mahaifinsa, shi ma mahaifin nasa bai san wanda ya fara kawo ta gidan ba. A kanta aka yaye mu duka.

Baba yana da ƙa'idoji biyu a kan gona, kuma har ya koma ga Allah ban ga ya karya ko ɗaya ba. Ta farko ita ce kusurwar baƙo. A gabashin gandunmu, gindin wata tsohuwar ɗorawa, akwai 'yan kunyoyi da ya ware, duk wani sabon abu da ya zo nan ake sauke shi. Malamin gona ya taɓa kawo masa irin masara mai saurin nuna, yana ta zuba bayani. Baba ya karɓa hannu bibbiyu, ya yi godiya, ya sa aka dama wa malamin fura, sannan ya kai masarar kusurwa. Can za ta zauna sai ta ga shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, ta kuma ga shekarar da ya yi yawa. Idan ta tsaya da ƙafarta a duka biyun, sai a ƙara mata kunyoyi. Mutane suna cewa Baba ƙin sabon abu yake yi, amma ba gaskiya ba ne. Ta wannan kusurwa masara ta shiga har ta ci rabin gona, ta nan takin zamani ya shiga, ta nan waken suya ya shiga. Wani irin gero kuma da aka yi ta kururutawa a nan ya mutu, bai ja mana yunwa ba. Ko mijina, Allah ya jiƙansa, sai da ya yi zaman kusurwa kafin a ba shi ni. Ya sha zuwa zaure yana komawa, Baba yana lura da yadda yake gaida manya da yadda yake sa hannu a kwano.

Ƙa'ida ta biyu kuwa, kowace kaka, kafin a kai dami rumbu, Baba yakan bi gona da wuƙa yana zaɓen zangarniyoyin da suka fi cika. Sai ya ƙulla su ƙanana-ƙanana da igiyar rama, da wani irin ɗauri nasa mai kunne biyu, ya aika wa Gwaggo, ƙanwarsa da ke aure wajen Randagi, da wani amininsa a Damari, da duk wanda ya roƙa. Bai taɓa sayar da iri ba. Innarmu takan yi mita, ta ce mafi kyawun hatsinmu a gonakin wasu yake ƙarewa. Shi kuma sai ya ce, "Kada ku bar iri a gida ɗaya." Iyakar bayaninsa ke nan.

Bayan rasuwar Baba, Auta ne ya riƙe gandu, don ni ina aure a gari. Sai shekarun nan suka zo da daji ya ƙi shiguwa. Ba zan tsaya ba da labarinsu ba, duk ɗan ƙasar nan ya sani. 'Yan bindiga sun kwashe abin da ke rumbunmu, sun cinna wa sauran wuta, Auta da iyalinsa suka iso gidana da kayan jikinsu. Ya sami aron wata 'yar gona a bayan gari, ya riƙa shuka masararsa mai saurin nuna, kuma gaskiya ɗaya ce: masarar nan ita ta riƙe mu. Amma 'yar gida ta tafi. Irin dawa ba ya jiran mutum a ajiye. In ba a shuka shi ana sabunta shi ba, mutuwa yake yi ko ƙwaro ya cinye.

Da hanya ta fara sauƙi, mutanen ƙauyenmu suka fara komawa ɗaya bayan ɗaya, sai murna ta hana ni zama. Ina niƙa ina waƙa. Na fara lissafa wa kaina abin da za a gyara: katanga, rijiya, rumbu. Da na zo kan rumbu sai na tsaya cak. Me za a zuba a ciki?

A daidai wannan lokaci ake yaƙin neman zaɓe, Auta kuma ya kamu da son wani mai neman kansila. Wata rana da la'asar ya shigo mini da zumuɗi, ko sallama bai gama ba.

"Yaya, ki saurara ki ji tsari. Za a share iyakoki duka, gonakin ƙauye su zama gona ɗaya. Tarakta ta shiga ta wannan baki ta fita ta wancan. Iri ɗaya, taki ɗaya, a girbe a raba. Itatuwan nan masu tare hanya duk a tumɓuke su."

"Har ɗorawar Baba?"

"Har ita mana."

"To, a ina ya gwada?"

"Gwada me?"

"Tsarin nasa. A wace kusurwa ya gwada shi? Idan irin nan guda ɗaya ya ƙi, wa zai kwana da yunwa, shi ko mu? In kuma aka share iyaka aka yi rigima, da wane itace za ka nuna inda gonar ubanka ta tsaya?"

Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce ya gani a waya, a ƙasashen waje masu irin halina har jam'iyya gare su, ana kiransu masu ra'ayin riƙau. Na ce me suka riƙe? Ya ce ba sa son canji. Na ce in dai haka ne ba ni cikinsu, don da ba na son canji da har yanzu a kan dutse nake niƙa. Abin da na riƙe shi ne, gonar nan ba tawa ba ce ni kaɗai, ba kuma tasa ba ce. Waɗanda suka sare dajinta suna kabari, waɗanda za su ci daga gare ta wasunsu ba a haife su ba tukuna, mu a tsakiya amana aka ba mu. Mai riƙon amana kuwa ba ya caca da ita don wani ya hau mota ya yi jawabi mai daɗi. Na tuna masa cewa ranar da suka gudo, ba wani ofis da ya buɗe musu ƙofa. Maƙwabta ne suka kawo tabarmi, mai unguwa ne ya nemo masa gonar aro, liman ne ya yi shela aka tara musu tufafi. Waɗannan ƙananan igiyoyi su suka riƙe mu, shi ya sa duk wanda ya zo da almakashi yana cewa zai ɗinka mana sabuwar duniya, ni sai na fara ganin ɗinkin da ya taɓa yi. Auta ya ce, "Allah ya ba ki haƙuri, 'yar mazan jiya." Na jefe shi da murfin kwano, ya kauce.

Daga nan na shiga neman 'yar gida gadan-gadan, don bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗuwa ta gabas. Na hau acaɓa har wajen Randagi, hanyar nan mai karya ƙugu. Na iske Gwaggo ta tsufa tukuf. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta riƙe hannuna ta ce, "'Yar nan, ai mun daɗe da barin dawa. Dogon kara yana ɓoye mutum, tsoro ya sa yara suka koma wake." Na aika Damari ta bakin wani ɗan kasuwar hatsi, aka ce aminin Baba ya rasu, 'ya'yansa sun watse. Ranar kasuwa na bi buhu-buhu ina tsoma hannu, har masu awo suka fara ce mini Hajiya ko zinariya ta faɗa miki a ciki. Farafara iri-iri na gani, ba mai ɗigon ja.

Ranar da abin ya faru, ina tsaye a bakin inji, gari ya yi mini fari fat har gira. Layi ya yi tsawo, ina karɓar kwano ina juyewa ba tare da na dubi fuskar mai shi ba. Na juye wata ƙwarya, inji ya fara ci, sai wani ƙamshi ya doki hancina. Na leƙa, ga 'yan ƙwayoyin da surfe bai gama goge su ba suna gangarawa, da ɗan ja-ja a gefensu. Na kashe inji da ƙarfi har bel ya yi ƙara, na ɗaga murya, "Ta wa ce wannan ƙwarya? Ta wa ce?"

Mata suka dare, sun zaci wani abu ya faɗa cikin inji. Wata Bafullatana siririya, da goyo a bayanta, ta matso a tsorace ta ce, "Tawa ne, Inna. Na wanke shi fa, babu tsakuwa."

Na rungume ta, gari da komai. Ina dariya ina kuka, ina tambayarta ina ta samo, ita kuma tana ƙoƙarin ƙwace kanta don ta ɗauka na taɓu. Da ƙyar na natsu na yi mata bayani. Ta ce dawar surukinta ce, tsohon da suke zaune tare a wata ruga a bakin daji, kuma yana kiran dawar da sunan wani manomi da ya ba shi tun ita ba ta zo gidan ba. Ta faɗi sunan. Sunan Baba ne. Na zauna daɓas a kan buhun dusa. Rannan duk wadda ke layi kyauta na yi mata niƙa.

Sai dai surfaffen hatsi ba ya tsira, zangarniya nake bukata, ita kuma tana ruga. Da na gaya wa Auta sai ya yi tsalle ya dire.

"Bakin daji? Yanzu? Yaya, kina da hankali kuwa? Kan dawa za ki kai kanki?"

Ban ga laifinsa ba, abin da ya gani da idonsa ni ban gani ba. Amma na ce masa mutumin da ya riƙe irin ubanmu duk shekarun nan ba baƙo ba ne a wurinmu. Kuma ban tafi kai tsaye ba, na bi hanyar da aka saba. Na je wurin mai unguwa, shi ya aika wa ardo, ardo ya aiko cewa a zo, ana maraba. Da safen tafiya na fito neman ɗan acaɓa, sai na tarar da Auta a ƙofar gida a kan babur ɗinsa, ya murtuke fuska. "Hau," in ji shi. "In aka sace ki wa zai riƙa jifana da murfi?"

Tsohon yana zaune a kan buzu a inuwar wata kaɗanya. Shi ma shekarun ba su bar shi ba: garken da ya taɓa cika fili ya koma 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba, kuma sun yi ƙaura ba sau ɗaya ba. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya daɗe yana kallon Auta, sannan ya ce, "Wannan goshin na sani." Ya ba mu labari cewa a da, bayan girbi, yakan shigar da shanunsa gonarmu su ci kara su bar taki, kuma wata kaka Baba ya miƙa masa ƙulli ɗaya ya ce ya gwada a bayan ruga. Tun daga nan bai taɓa tsallake damina ba. Ko da suke gudu, matarsa a cikin ƙwarya ta ɗauko zangarniyoyin, a ƙarƙashin tufafi.

Ya aika aka sauko da irin daga saman bukka, inda hayaƙi ke kare shi daga ƙwaro. Ɗan kaɗan ne, ko rungumar hannu ɗaya bai kai ba, kuma shi ke nan abin da zai shuka bana. Amma ba yawansa ne ya kama idona ba. Ɗaurin ne, mai kunne biyu. Na taɓa Auta da gwiwar hannu, na ga shi ma can yake kallo.

Tsohon ya kwance, ya raba biyu daidai, ya tura mana rabi. Auta ya kai hannu aljihu, sai fuskar tsohon ta canja. Na danne hannun ƙanena da sauri na ce, "Baffa, yi haƙuri, yaro ne." Yaron da ke da furfura a gemu. Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Ubanku bai sayar mini ba." Duk hanyar dawowa ina rungume da ƙullin a ƙirjina, ina yi wa Auta ihu ya bi ramuka a hankali.

Ruwan shuka ya sauka bayan 'yan kwanaki. Na rufe inji, na bi Auta ƙauye. Kai, ƙamshin ƙasar nan! Gonarmu ta zama saura, ciyawa har ƙugu, amma ɗorawar Baba tana nan tsaye. Ina ta zagaye kamar yarinya, ina nuna inda za a yi kaza da kaza. Na tsaya a tsakiyar gona, inda ƙasa ta fi kyau, na buga ƙafa na ce nan za a shuka 'yar gida. Na ƙara da cewa baɗi, in ta yawaita, gona duka tata ce, masara ta tattara ta koma inda ta fito.

Auta ya jingina da sungumi ya dube ni, idonsa yana dariya.

"Yaya, a ina kika gwada?"

"Gwada me? Dawar ubanmu ce!"

"Dawar ubanmu da ta yi shekaru a bayan ruga, a wata ƙasa daban. Ruwan ma yanzu ba lokacin da yake zuwa a zamanin Baba yake zuwa ba, ita kuma mai jinkirin nuna ce. Masarar nan ita ta ciyar da 'ya'yana, ke da bakinki kika faɗa. Yanzu rana ɗaya ki tumɓuke abin da ya riƙe gida don zuciyarki tana so? Ashe ke ma kansila ce." Ya nuna gindin ɗorawa da haɓa. "Kusurwar baƙo. Sai ta ga shekarar fari, ta ga ta ruwa."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Dawar da aka haife ni a kanta, a sauke ta a masaukin baƙi? Na buɗe baki in wanke shi tas, na rasa ta inda zan kama, don maganar tawa ce ya juyo mini da ita, kuma daidai ya faɗa. Sai dariya ta ƙwace mini. Na ce, "To na ji. Amma in haka ne, taraktar kansilanka ma ta bi layi. Masu so su haɗa wani yanki su gwada, iyakoki su zauna, ɗorawa ta zauna." Ya sosa ƙeya ya ce zai faɗa a taron ƙauye. Ya kuwa faɗa, aka yi ta cacar baki, a ƙarshe wasu gidaje suka haɗa wani fili a hanyar rafi, har yau ana kallon yadda zai kaya.

Shi ya sara ramuka, ni na bi ina jefa ƙwaya ina rufewa da diddige, ina bismillah a kan kowane rami. Daminar nan ban bar mutanen ƙauye sun huta ba, duk wanda ya shigo gari sai na tare shi: ta tsiro? Ta yi kara? Ta fitar da kai? Matar Auta ce ta tona masa asiri, ta ce ya kewaye kusurwar da ƙaya saboda awaki, kuma da tsuntsaye suka fara sauka, can yake wuni yana kaɗa gwangwani. Da na tambaye shi sai ya ce inuwar ɗorawa kawai yake sha.

Da kaka na je girbi da buhuna sabo fil. Niyyata in kwashe duka in kai ɗakina a gari, in sa kwado, kada ko ɓera ya gani. Ta yi kyau, zangarniyoyi sun sunkuyo, ɗigon ja a kan kowace ƙwaya, amma 'yan kunyoyi ne, abin bai taka kara ya karya ba. Na iso gindin ɗorawa na tarar Auta ya riga ni. Yana zaune a ƙasa da igiyar rama a baki, ya zaɓe mafiya cika, ya ƙulla su ƙanana-ƙanana.

"Wannan na Baffa ne," in ji shi, bai ɗago ba. "Wannan na Gwaggo, yaranta sun ce baɗi za su koma dawa. Wannan an ce ɗaya daga 'ya'yan aminin Baba ya dawo Damari. Wannan na liman."

"Mu kuma me ya rage mana?"

Ya miƙo mini ƙulli ɗaya, ya ajiye ɗaya a gefensa na shukar baɗi. Na juya nawa a hannu. Ɗaurin mai kunne biyu ne, kunne ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsawo, alamar hannun bai gama saba ba.

"Kada ku bar iri a gida ɗaya," ya ce. "Ba ni na faɗa ba, Yaya."

Ya ɗaure sauran a bayan babur, ya tayar, ya nufi hanyar ruga. Bana dai ban ci tuwon 'yar gida ba. Na naɗe buhuna yadda na zo da shi, na tsaya a gindin ɗorawar Baba ina share ido da gefen mayafi har ƙarar babur ɗin ta ɓace.